Emajensin da suka auna tsayin Yaya kafin su saita masa na'ura

Makon jiya aka sallamo yayana daga wani asibitin kuɗi a nan Kano, suna dai ba zan faɗa ba, amma bari in rubuta abun da idona ya gani a emajensinsu. Nimoniya ce ta kama shi, muka kai shi cikin dare yana numfashi sama-sama, oksijin ɗinsa na ta sauka har sai da suka zura masa bututu ta baki za su jona shi da bentileta, wato na'urar da ke taya mutum numfashi.

Ana cikin wannan tashin hankalin sai ga wata nas da tef irin na tela tana gwada shi daga kai har ƙafa, wallahi gabana ya faɗi don mu a saninmu gawa ake gwadawa a kwance. Na ce Sista lafiya?? Ta ce Hajiya kwantar da hankalinki, tsayinsa kawai muke nema.

Sai da safe likitan ya min bayani, ya ce girman huhu da tsayin mutum yake tafiya, ƙiba ba ta ƙara masa komai. Yaya kilo 95 ne amma tsayinsa santimita 170, to a lissafinsu kamar mai kilo 66 ne, kuma mililita 6 na iska ake ba kowane kilo, kenan wajen 400 duk numfashi ɗaya, da sikeli suka bi da 570 za a dinga ɗura masa. Iskar in ta yi yawa buɗa huhun take fiye da ƙima, ya kumbura ya tara ruwa ko ma ya ɓule, shi ya sa suke hana matsin iskar ya haura 30 a ma'aunin na'urar. Ya ce tun 2000 wani babban bincike a Amurka ya gwada mililita 6 da 12 a kowane kilo kan masu wani ciwon huhu mai tsanani da ake kira ARDS, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari a waɗanda aka ba 12 zuwa 31 a waɗanda aka ba 6. Ni abun da ya burge ni ba su jira sai an kai shi ICU, ɗakin kulawa ta musamman, ba, tun a emajensi suka fara, suka ɗaga kan gadon, ana goge masa baki akai-akai saboda kar ƙwayoyin cuta su gangara huhu.

Inda suka gaza kam akwai. Kuɗin ajiya aka fara tambayarmu tun ban gama kuka ba, ya kusa kwana kafin a samu gado a ICU, ga masu jinya ko benci babu, a tabarma muka kwana da Umma sauro na ta cinmu. Da aka ɗauke wuta jen ya ɗan yi jinkiri amma batirin na'urar ya riƙe, Alhamdulillah.

Kwana biyar ya yi a kan na'urar aka cire bututun, har yanzu muryarsa a dishe take. Aikin likitoci da nas-nas na ba su tara cikin goma, ɓangaren kashiya kuwa uku ma na yi musu kara.