Yawon yini guda zuwa Golden Triangle: abin da kuɗina ya saya

Bakwai da rabi na safe motar ta tsaya a ƙofar masaukina a Chiang Rai, arewacin Tailan, don kai mu Golden Triangle, yankin da iyakokin Tailan, Miyanma da Lawos suka haɗu, wanda ya yi suna da noman ofiyom. Mu tara ne, sai direba, sai 'yar jagora, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Akha. Kamfanonin yawon sun cika garin, kuma hanyarsu kusan ɗaya ce: Doi Tung da safe, gidan tarihin Hall of Opium da rana, kwale-kwale a kogin Mekong da la'asar. Jagora ne ke bambanta su, kuma tamu ita ta sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Doi Tung dutse ne a kan iyaka da Miyanma. A da, ofiyom, wato tsiron da ake samun ƙwayar maye daga gare shi, ake nomawa a nan, har 1988 da mahaifiyar Bhumibol, sarkin Tailan na lokacin, Gimbiya Srinagarindra, ta kafa shirin farfaɗo da dajin da sauya wa mutane sana'a. Yanzu gahawa ce da gyaɗar makadamiya. Na sha kofi ɗaya ba madara, mai ƙarfi, ɗacinsa bai zarce ba, na sayi leda biyu. Muna zaune ne dattijuwar ta ce mahaifinta ma ya noma ofiyom, don shi kaɗai ne amfanin gonar da mai saye ke hawo dutse da ƙafarsa ya biya. Abin da ta fi nanatawa shi ne jerin yadda aka yi: aikin sarki na sauya amfanin gona ya fara a 1969, amma sai tsakiyar shekarun 1980 hukuma ta shiga sare gonaki gadan-gadan. An ba mutum abin dogaro kafin a karɓe na hannunsa. A 2004 Amurka ta cire Tailan daga jerin manyan ƙasashen da ƙwaya ke fitowa.

Hall of Opium ta wani dogon rami mai duhu ake shigarsa, bangon cike da sassaƙen fuskoki a galabaice. Ciki akwai lofe, ma'aunai, da tarihin yaƙin da Ingila ta yi da Sin daga 1839 don a bar ta ta sayar da ofiyom. Wurin yana son awa uku. Awa ɗaya aka ba mu, saboda kamfanin ya riga ya ɓata mana minti arba'in a wani shagon tsaraba da ba wanda ya roƙa. Wannan ya ci mini rai.

A mota na tambaye ta labarin Khun Sa, tsohon madugun fataucin ofiyom na yankin. Ta gyara zama. Mutumin yana da rundunarsa, kuma a 1977 ya yi wa gwamnatin Amurka tayin ta saye ofiyom ɗin yankin baki ɗaya, aka ƙi. A Janairun 1982 sojojin Tailan suka fatattake shi daga sansaninsa na ƙauyen Ban Hin Taek, ya koma jihar Shan ta Miyanma. Kotu a New York ta tuhume shi, aka sa ladan dala miliyan 2 a kansa. Sai ga shi a Janairun 1996 ya sasanta da gwamnatin sojan Miyanma, mayaƙansa suka ajiye makamai, gwamnatin kuma ta ƙi miƙa shi. A birnin Yangon na Miyanma ya rasu a 2007, bai taɓa tsayawa gaban alƙali a Amurka ba. Wani Bajamushe a cikinmu ya ce wannan cin amana ne. Ita dai ta ce waɗanda harsashi ya daina ratsa ƙauyensu ba haka suka gani ba. Ni kuwa na kasa yanke wa kowa, sai dai na lura cinikin bai mutu da sulhun ba, hannu kawai ya sauya.

Kwale-kwalen ya tashi daga Sop Ruak, inda kogin Ruak ke zubowa cikin Mekong: Tailan a bayanmu, Miyanma gefe, Lawos a tsallake. A wannan ruwan aka kashe matuƙan jirgin ruwa 13 'yan Sin a Oktoban 2011. Wanda aka ɗora wa laifin, wani shugaban 'yan bindiga mai suna Naw Kham, an cafke shi a Lawos a 2012, aka tasa ƙeyarsa zuwa Sin, aka zartar masa da hukuncin kisa a Kunming a Maris 2013. Abin da Amurka ta yi shekaru tana nema a kan Khun Sa, Sin ta samu cikin watanni. Tun ƙarshen 2011 Sin, Lawos, Miyanma da Tailan ke sintirin haɗin gwiwa a kogin. Amma ɗaga kai za ka yi ka hango gidan cacar Kings Romans a gaɓar Lawos, wanda baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba wa mai shi takunkumi a 2018, yana ta walƙiya abinsa.

Ingin kwale-kwalen yana da ƙarar tsiya, rabin bayaninta iska ta kwashe, don haka nemi kujera kusa da jagora. In abincin halal kake so, faɗa musu tun daren jiya. Kuma kafin ka biya, tambayi awa nawa za a ba ka a gidan tarihin. In an ce ɗaya, gwada kamfanin da ke maƙwabtaka da su.