Lensin ya yi aiki, amma sun ci min kuɗin ajiya

Na karɓi hayar dogon lensin kyamara mai milimita 600 daga wani kamfani a intanet, na kwana huɗu, cikin watan Yuni. Daga birnin Abadin (Aberdeen) muka tashi ni da abokina, muka bi ta birnin Inbanes (Inverness) har ƙuryar arewacin Sikotilan, wato Duncansby Head, gaba kaɗan da ƙauyen John o' Groats. Abu ɗaya ya kai ni: fafin, ɗan tsuntsun nan mai baki ja da rawaya kamar na aku. A teku yake rayuwarsa, ba ya hawa tudu sai zai yi ƙwai, daga Afrilu zuwa farkon Agusta. In ka makara, sai baɗi.

Maganar Allah, lensin ya burge ni. Nauyinsa ya kusa kilo 2, iskar wurin kuma tana neman ture mutum, amma da na kwanta rubda ciki a kan ciyawa na kafa gwiwar hannu, sai ga fafin ya sauka a bakin raminsa, ƙananan kifaye jere a bakinsa. Na danna. Da na duba, har ɗigon ruwan da ke kan gashinsa ana gani. Na daɗe ban yi farin ciki irin na ranar ba. Can ƙasa kuma ga sil, dabbobin ruwa masu kama da ayu, sun baje a kan duwatsu, lensin ya jawo min su kamar in taɓa. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 10 na dare, saboda haka na samu dogayen duwatsun nan masu tsini da ke tsaye cikin teku a cikin jan hasken yamma. A daren na ce wa abokina duk wanda ya tambaye ni, wannan kamfanin zan nuna masa.

Ashe da sauran rina a kaba.

Na goge lensin tas da ƙyallen da suka haɗo da shi, na mayar ranar da aka yi alkawari. Bayan mako guda sai ga saƙo, wai sun ga alamar gishirin teku a jikinsa, sun cire fam 60 na wanki daga kuɗin ajiyata. Gishiri? To ina suke zaton za a kai lensin ɗaukar tsuntsayen teku? A fom ɗinsu na rubuta inda zan je, babu wanda ya ce min uffan. Na nemi su turo hoton alamar, shiru. Na sake rubutawa, aka maimaita min amsar farko, ko harafi ba a canza ba. Sau uku ina kira, kowane lokaci sabon mutum, sai na faro labari daga tushe.

Ba kuɗin ne kaɗai ya ƙona min rai ba, har da yadda aka mai da ni kamar wanda bai san darajar kayan mutane ba, alhali da yayyafi ya sauko rigar sanyina na tuɓe na naɗe lensin, ni na jiƙe. Yanzu ma na tuna, murfin gaban da suka turo sako-sako ne, sau biyu yana faɗuwa cikin ciyawa, ban kai ƙara ba.

Hoton fafin yana rataye a ɗakina. Tauraro biyu na ba su, kuma biyun na lensin ne.