Asibitin da anka fara tambayar ƙanwata zamanta da mijinta

Ƴan uwa mata, bari in ba ku labarin wani ƙaramin asibitin kuɗi nan Gusau ta wajen Tudun Wada, inda na kai ƙanwata watan da ya wuce. Ba zan kama sunan wurin ba saboda sirrinta, kun san garin ga kowa ya san kowa.

Shekara ukku ke nan tana fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso mata gefe guda ne ke sara kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, ba ta son haske ba ta son ko ƙarar cokali, sai ta shige ɗaka ta rufe taga ta ɗaure kai da kallabi, wani lokaci kwana biyu cur. Ba kemis ɗin da ba ta sani ba a unguwarsu, yau farasitamol gobe Panadol Extra jibi ibuprofen, an yi hayaƙi an yi tofi, wasu sunka ce ido ne ta sa tabarau. Shiru.

Zan fara da abin da ban ji daɗi ba don kar a ce na zo talla. Jira ya yi yawa wallahi, mun yanki kati tun ƙarfe 9 ba mu ga likita ba sai bayan azahar, benci biyu kacal, kuma yarinyar da ke kan teburin kati tana ƙwala kiran suna da tambayar me ke damunki gaban kowa har da maza. Wannan ya kamata su gyara. Ɗakin maganinsu ma babu ɗaya daga cikin abin da anka rubuta mana, sai da munka fita waje munka saya.

Amma likitar, Allah ya saka mata da alheri. Mace ce ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta auna jini, ta haska ido, ta tambayi kwana nawa a wata take shan maganin ciwo, ƙanwata tac ce kusan kullum, sai ta girgiza kai tac ce wanda ke shan irin waɗannan ƙwayoyin kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana komawa ya zama mai tayar da ciwon. Ni dai ban taɓa jin haka ba sai ranar. Daga nan ta dube ni tac ce Hajiya don Allah ki ɗan ba mu wuri. Raina ya ɗan sosu, ni da na ɗauke ta a baya tana jaririya, amma na fita.

Sun fi rabin awa. Da anka kira ni na tarar idonta ya yi ja, tac ce Yaya zauna in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ko Inna ba. Ashe baban yaranta dukanta yake yi, mari da haɗa mata kai da bango, ga zagi gaban ɗiya, in ta ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida gabanta faɗuwa yake yi, barcin kirki ta manta rabonta da shi. Tambaya ɗaya likitar ta yi mata, wai a gida akwai wanda kike jin tsoro? Shekara ukku muna yawo ba wanda ya yi mata tambayar ga, har da ni, don kullum in ta yi ƙorafi sai mu ce ki yi haƙuri, aure ibada ne.

Likitar ba ta ce duka ne kaɗai ya kawo ciwon ba, tac ce ana gadonsa, kuma mata sun ninka maza wajen sau ukku a samunsa, amma fargaba ta kullum da rashin barci da rashin cin abinci kan lokaci duk suna tayar da shi su sa ya yawaita, balle a haɗa da bugu a ka. Da na koma gida na karanta da kaina, akwai binciken da anka wallafa a 2011 kan mata a birnin Lima na ƙasar Peru, ya nuna waɗanda mazansu ke cin zarafinsu sun fi sauran fama da irin ciwon ga. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, mafi yawa daga miji ko wanda suke tare.

Abin da ya ƙara burge ni, ba ta ce mata ki fita ko ki zauna ba. Ta tambaye ta wa ta yarda da shi a dangi, ta gaya mata akwai Hisbah akwai kotu akwai lauyoyi mata na FIDA in ta so, ta rubuta tabon da ta gani a fayil da kwanan wata ko za a buƙata wata rana. Ta ba ta maganin amitriptyline na sha da dare don rage yawan tasowar ciwon kan, tac ce ta riƙa rubuta ranakun da ciwon ya zo, sannan saboda bugun kan nan ta ba mu takarda zuwa asibitin gwamnatin tarayya, FMC Gusau, a ƙara dubawa, kuma in ta ga amai ba tsayawa ko hannu ya mutu ko magana ta karkace, asibiti nan take ko tsakar dare ne.

Taurari huɗu na ba su cikin biyar, ɗayan teburin kati ya cinye shi. Ƙanwata tana gidan Baba yanzu ita da yaran, manya sun shiga maganar, cikin sati ukkun nan sau ɗaya kan ya sara mata. Ranar Talata za mu koma, wannan karon da kujerarmu ta roba za mu tafi.