Gargaɗi ga masu sayen waya a Ikeja: furosesar da aka rubuta ba ita ce a ciki ba

'Yan uwa mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago a Legas, musamman masu shirin kai tsarabar waya gida, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke tsayuwa tsakanin ƙarƙashin gadar Ikeja da bakin titin Otigba, ba su da shago, sai waya a aljihu da daɗin baki. Suna tallata Galaxy S23 Ultra da S24 Ultra a farashin da ko rabin na gaskiya bai kai ba, wai tokumbo ce, wai mai ita matsuwa ta kama shi. Da sun ji Hausa a bakinka sai su turo wanda ya iya Hausa a cikinsu: "Alhaji, Snapdragon ce, ga ta nan, duba da idonka."

In ka duba kuwa za ka gani. Ka shiga saitin wayar, wajen bayaninta, ga Snapdragon 8 Gen 3 a rubuce a matsayin furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ga RAM, wurin riƙe ayyukan da waya ke kan yi, 12GB, ga ma'adana 512GB. Duk rubutu ne kawai. Masu haɗa irin waɗannan wayoyi suna iya sa kowane suna da kowace lamba a wannan shafin, kamar yadda ake zuba shinkafar banza a buhu mai tambarin kamfani.

Gyaran waya nake yi a Agege, kuma irinsu suna zuwa teburina. In an buɗe, abin da aka fi tararwa shi ne MediaTek MT6580, furosesar ƙananan wayoyi ta wajajen 2015. Ƙwayoyin aikinta huɗu ne masu rauni, ƙirar nanomita 28, kuma iyakarta 3G, ko 4G ba ta kamawa. S23 Ultra ta gaskiya, wadda ta fito a 2023, tana ɗauke da Snapdragon 8 Gen 2 ta kamfanin Qualcomm, ita kuma S24 Ultra ta 2024 tana da 8 Gen 3, dukansu ƙirar nanomita 4. Ƙanƙantar wannan lambar na nufin an cusa abubuwa da yawa a ɗan wuri, aiki ya fi sauri, batir ya fi jimawa. Jabun kuwa za ta nuna maka alamar 5G a saman allo, alhali hoto ne aka liƙa, bidiyon minti ɗaya sai ya yi ta juyawa.

Wasu sun ji an ce a gwada da CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin waya, su ma 'yan damfarar sun ji. Shi ya sa za ka tarar da manhajar tana cikin wayar tun kafin ka tambaya, har shi da kansa zai buɗe maka. An riga an jirkita ta, abin da aka tsara mata take faɗa. Goge ta, ka kunna datarka, ka sauke sabuwa daga Play Store da hannunka, ko ka sauke takwararta AIDA64. Kada ka tsaya a sunan furosesa, nemi sunan ɓangaren da ke sarrafa hoto, wato GPU. Duk Snapdragon da Adreno take tafiya: 8 Gen 2 tana da Adreno 740, 8 Gen 3 tana da Adreno 750. In sama ya ce Snapdragon, ƙasa kuma ka ga Mali-400 ko PowerVR, miƙa masa kayarsa ka wuce. Wannan wurin ne sukan manta ba su gyara ba. In kuma akwai lokaci a sa Geekbench, manhajar auna ƙarfin waya. Waya ta gaske za ta kammala gwajin cikin 'yan mintuna, jabu za ta ɗau zafi tana ja, ko ma manhajar ta ƙi sauka gaba ɗaya.

A nan sai an yi adalci: rashin ganin Snapdragon a wayar Samsung ba shi ne shaidar jabu ba. S24 ƙarama da S24+ sun fito da Exynos 2400 a ƙasashe da dama, furosesar Samsung ce ta kansu. S23 Ultra da S24 Ultra ne dai ba su da wannan uzurin.

Masu son iPhone su ma ba su tsira ba. Ana ɗaukar iPhone XR ta 2018 a sauya mata jiki ta koma kamar 13 Pro, da idanun kyamara uku a baya. Ɗaya ne ke aiki, biyun ado ne. Furosesar da ke ciki A12 Bionic ce, ba A15 ta 2021 ba, kuma babu 5G. Buɗe kyamara ka nemi maɓallin 0.5 na ɗaukar faffaɗan hoto, XR ba ta da shi. Akwai masu gaskiya da ke faɗa maka tun farko cewa sauyin jiki ce, su sayar a kuɗin XR, waɗannan ba ruwana da su. Wanda ya ɓoye shi ne ɓarawo.

Akwai kuma wata yaudarar da ta fi laushi, har a cikin shaguna ana yin ta. Sai a ce maka furosesar wannan ma ƙwayoyin aiki takwas gare ta, daidai take da babbar. Furosesar MediaTek Helio G85 ta 2020 takwas gare ta, biyu masu ɗan ƙarfi, shida na ƙananan ayyuka. Snapdragon 8 Gen 2 ma takwas gare ta, amma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Ni ban raina G85 ko G99 ba, ga mai WhatsApp da TikTok da tura kuɗi sun wadatar, kuma su ne a aljihun yawancinmu. A dai biya kuɗinsu, kada a biya na wata. Haka RAM da ake rubutawa 16GB, a ƙasa da ƙaramin rubutu 8+8: takwas ne na gaske, sauran aro ne daga ma'adana, kuma bai kai na ainihi sauri ba.

Ma'adanar ma a gwada ta. Tura manyan bidiyoyi daga wayarka zuwa cikinta, mai iƙirarin 512GB da ta cika tun ba a je ko'ina ba ta tona kanta. Danna *#06# ka gwada IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, ko da yake ita ma ana kwafarta, don haka kada ta zama hujjarka kaɗai.

Duk wannan gwajin a cikin shago mai lamba za a yi shi, a zaune, kafin a tura ko sisi, a kuma rubuta IMEI a kan rasit. Wanda ya ce sauri yake, ko ya ce jami'ai na zuwa a matsa lungu, bar shi ya tafi. In ka gama gwaji ka gamsu, kada wayar ta sake komawa hannunsa ko da sunan zai goge ta ko zai sa maka a kwali, domin a wannan ɗan tsakanin ne ake musanya ta da wata.