Fasnif: iri a fakiti ko 'ya'yan dashe a tire?

Hajiya, tsakanin fakitin iri da tiren 'ya'yan fasnif ɗin nan da kika gani a shagon lambu (fasnif, wato parsnip, wata farar saiwa ce mai kama da karas), ki sayi iri kawai ki bar musu tirensu.

Na taɓa sayen tiren sau ɗaya, shekarar da na fara samun fili a lambun hayar kansul nan Manchesta, ganye kam ya yi kyau amma da na tona duk sun rarrabu kamar yatsun hannu, ko na ferewa babu. In kuwa iri kika shuka, abin da ya rage miki jiran tsiro ne kaɗai. Ki tuna fa a gida albasa da tumatir da tattasai ake dasawa, kin taɓa ganin mai lambu ya dasa karas? To fasnif ɗan uwan karas ne, saiwar nan guda ɗaya mai nutsawa ƙasa ita ce abincin, da zarar tsininta ya taɓa gindin tire ko ya gutsure wajen cirewa shike nan ta rabu biyu uku.

Da shekara ta zagayo na sayi fakiti ɗaya na irin fasnif mai suna Gladiator. A bayansa sun rubuta ana iya shukawa tun Fabrairu, har na fara shiri sai wani dattijon Bature da filinsa ke jikin nawa ya ce in dakata, ƙasa ta yi sanyi ta jiƙe da yawa irin ruɓewa zai yi, na ji maganarsa na bari sai tsakiyar Afrilu. Ƙasar wajenmu laka ce ga tsakuwa, shi ne ya ara min wani dogon rodi, ki kafa shi ki jujjuya ya yi rami mai faɗin baki da tsinin gindi, ki cika da tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai laushi, sai ki sa ƙwaya uku a kai ki rufe da ƙasa kamar santimita 1 ko 2. Tsakanin rami da rami santimita 15, tsakanin layi da layi 30. Kar ki sa ɗanyen taki, shi ma yana sa su rabe. Kuma ki zaɓi ranar da ba iska don irin falan-falan yake ba nauyi, yana tafin hannunki iska za ta kwashe.

Daga nan sai haƙuri, wallahi sati uku cur ina zuwa ina tsugunawa a kan layin nan ba komai sai ciyawa, shi ya sa ki ja zare a kan layin don kar ki nome su garin cire ciyawa, kuma kar ki bari saman ƙasar ya bushe ko na kwana biyu. A sati na huɗu ne wata safiya na ga ƴan siraran ganye bibbiyu sun leƙo a jere, ranar har hoto na tura wa mahaifiyata. Da suka ɗan tasa sai ki bar mai ƙarfi guda ɗaya a kowane rami, sauran ki tsinke su daga sama da farce kar ki fizgo.

Ban taɓa su ba sai ƙarshen Nuwamba bayan raɓar ƙanƙara ta sauka, don sanyin nan ne ke juya sitacin cikinsu ya koma suga. Na farkon da na tono tsawonsa daga wuyan hannuna har kusa da gwiwar hannu, miƙaƙƙe samɓal, fari-fari, ga ƙamshi tun ban wanke ba. Na tsattsaga shi na sa mai da gishiri da ɗan yaji na gasa, yara suka cinye suna tambaya wane irin dankalin Hausa ne wannan. Sauran kuma a ƙasa na bar su, in zan yi farfesu in je in tono biyu, haka har Fabrairu, amma ki kwashe su kafin su soma sabon toho don daga nan tauri suke yi.

Sai ki kula da masu sayarwa fa, don wannan ita ce ke karya wa mutane gwiwa. Irin fasnif shekara ɗaya yake yi da ransa, ba kamar na karas da kan kai shekara uku ba, kuma akwai marasa tsoron Allah a intanet da ke kwasar tsohon iri su ƙulla a ƴar leda ba kwanan wata ba sunan kamfani, su sa hoto mai kyau da araha, ki shuka ki yi wata guda kina ban ruwa kina zargin hannunki alhali mataccen iri aka ba ki. Haka na kwandon ragin kuɗi da ake ajiyewa a bakin ƙofa ƙarshen kaka. Ki duba kwanan watan da ke bayan fakiti kuma ki tabbata takardar cikin a like take. In kina shakka ki ɗebi ƙwaya goma ki naɗe a jiƙaƙƙen tishu ki ajiye a wuri mai ɗumi a kicin, in sati biyu ya wuce ba ki ga farin tsini ya fito a yawancinsu ba kar ki ɓata filinki. Ragowar fakitin bana ma kar ki ajiye wa baɗi, ki raba wa maƙwabta.

Ki nemi Gladiator ɗin, in babu ki ɗauki Tender and True. Kuma in za ki shiga cikin ganyensu ranar da ake rana ki sa safar hannu da riga mai dogon hannu, ruwan ganyen in ya taɓa fata rana ta buga yana tayar da bororo kamar ƙuna.