Furannin da ke ba mutum hanya a Tokyo

Tun a bakin ƙofa aka ce mu tuɓe takalma da safa, mu naɗe wando zuwa gwiwa. Ni da na saba da haka wajen alwala ban ji komai ba, amma uwargida sai da ta tattare doguwar rigarta da hannu ɗaya, domin a teamLab Planets, gidan nunin zane-zanen haske da ke unguwar Toyosu, wanda aka buɗe a 2018, akwai inda cikin ruwa ake tafiya.

Ɗakin ruwan ya fi burge yara. Kifaye ne na haske ke yawo a kan ruwan, duk wanda ya yi karo da ƙafarka sai ya tarwatse ya zama furanni. Ba hoton da aka ɗauka ake maimaitawa ba, kwamfuta ce ke zana su nan take gwargwadon motsin mutane. Da kyau kam, sai dai ido ya riga ya san haske ne kawai.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne lambun furannin okid da aka ƙara a 2021. Sun haura 13,000, kuma masu rai ne, suna reto daga sama, saiwoyinsu a fili babu ko ƙwayar ƙasa. A daji ma irin wannan shuka jikin itace take maƙalewa kamar kauci, sai dai ita ba ta tsotsar itacen, danshin iska take sha. Furannin sun sauko har sun tare hanya. In ka matso sannu a hankali sai su ɗaga, su yi maka rumfa, ka wuce su sake rufewa a bayanka. Ni da garajena na kutsa kai, fure ya kusa tuɓe mini hula. Dole na durƙusa na jira, kamar mai neman iso. A wannan jiran ne na ji ƙamshinsu, na ga har da waɗanda suka fara yaushi a cikinsu, abin da ɗakin haske ba zai taɓa nuna maka ba.

Daɓen lambun madubi ne, don haka mace ta sa wando a ciki. Tikiti kuma na lokaci ne, a saye shi ta intanet tun da wuri. Mu na rana muka samu, kowa ya ɗaga waya sama, har uwargida, wadda ta dawo da hotuna fiye da 100 da gefen riga jiƙaƙƙe.