Gargaɗi kan masu bayar da hayar "injin mainin" ta waya

Jama'a, a yi hattara da manhajojin nan da ke yawo a rukunonin WhatsApp da Telegram, har da TikTok, masu cewa suna bayar da hayar injin mainin, wato injin haƙar kirifto, kuɗin intanet irin su Bitcoin. Za a turo maka linki, ka yi rajista da lambar wayarka, a ba ka "injin gwaji" kyauta yana tara maka ƴan canji kullum. Daga nan sai a buɗe maka jerin injuna da hotunansu masu ƙyalli: wannan na naira 5,000, wancan na 50,000, ga babba na 500,000. Kowanne an rubuta masa ribar da zai riƙa zubo maka kullum, har a ce kafin wata guda uwar kuɗinka ta dawo, abin da ya biyo baya riba ce zalla. Injin yana Amurka ne ko Dubai, in ji su. Kai dai naka shi ne ka shiga sau ɗaya a rana ka latsa maɓalli.

Damfara ce. Babu injin, babu haƙa. Kuɗin wanda ya shiga yau ake gutsura a biya wanda ya shiga jiya.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne da farko suna biya. Ka sa 5,000, bayan kwana kaɗan ka cire 2,000, alat ya shigo, ka ɗauki hotonsa ka tura wa ƴan uwa. Wannan hoton shi ne tallar da suke nema, kuma da ɗan abin da ka zuba suka saye ta. Sai lida na rukuni ya fara matsa maka: ka haura injin mai girma, ka kawo mutum uku a ba ka kaso, garaɓasar nan yau za ta rufe. Mai shago ya kwashi jarinsa, uwargida ta ɗauki kwasan adashi, ɗalibi ya zuba kuɗin rajistar makaranta. Ranar da masu cirewa suka fara rinjayar masu zubawa, sai a ce ana gyaran manhaja. Bayan haka a ce sai ka biya "haraji" ko kuɗin tantance asusu kafin a saki kuɗinka. Wanda ya biya wannan ya yi asara sau biyu. Ana wayar gari an kulle rukunin, shafin ba ya buɗewa, lida kuma yana rantsuwa cewa shi ma nasa sun maƙale.

Wanda ya san yadda haƙar gaskiya take, ba za a yi masa wannan ba. Haƙar Bitcoin gasa ce tsakanin miliyoyin injuna a faɗin duniya, kowanne yana ta gwada lambobi don ya riga saura rufe shafin ciniki na gaba. Kusan duk minti 10 ake rufe shafi ɗaya, wanda ya yi nasara a ba shi lada. Tun watan Afrilun 2024 ladan ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, domin kusan duk shekara huɗu ake raba shi biyu. Ke nan duniya baki ɗaya, sabon Bitcoin kusan 450 ake fitarwa a rana, kuma shi kowa ke wawaso. In injuna sun ƙaru, tsarin da kansa yana ƙara wa aikin wuya kusan duk mako biyu, rabon kowa ya ragu. Ga farashi yau sama gobe ƙasa. To, wa ya isa ya yi maka alƙawarin tsayayyar riba kullum a irin wannan sana'a? Manyan kamfanonin da ke da rumbunan injuna a Texas ma ba sa yi wa masu hannun jarinsu wannan alƙawari.

Sai batun wuta, wanda shi ne ƙashin bayan harkar. Injin Antminer S19 Pro guda ɗaya yana jan wat 3,250, kuma ba a kashe shi dare da rana. A yini ɗaya ya sha yunit 78. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, a Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200. Ku buga lissafin: sama da naira 15,000 a rana, sama da 450,000 a wata, kuɗin wutar inji ɗaya kawai, ban da kuɗin sayensa, ban da sanyaya ɗakin, ban da gyara. Ga ƙara kamar ta injin niƙa, ga zafin da yake fitarwa. Wannan shi ne abin da ake ce maka ka yi hayarsa da naira 5,000. Waya kuwa, ko da ta fi kowace tsada a kasuwar Farm Centre ta Kano, ba ta haƙo Bitcoin. In kuma aka ce maka wani kirifton mai suna Ethereum ake haƙa, to an daina haƙarsa tun Satumban 2022.

Na san abin da ya sa kalmar mainin ta samu gindin zama a wajenmu. A 2024 matasan Arewa sun yi ta latsa waya a wasan Telegram mai suna Notcoin, wasu suka samu abin da suka samu, sannan aka yi rububin Hamster Kombat, wanda da aka fara rabon ladansa a ƙarshen Satumban shekarar mutane da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wancan rabon kyauta ne da kamfani ke yi don tara jama'a, abin da ka yi asara shi ne lokaci da data. Ƴan damfarar yanzu sun ɗauki sunan da aka saba da shi suka liƙa wa abin da ake zuba kuɗi tsaba.

Kada kuma a ɗauka sai mu ake yi wa. Kamfanin HashFlare na ƙasar Estoniya ya sayar wa mutane kwangilar hayar haƙa ta sama da dala miliyan 577 tsakanin 2015 da 2019. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun ce ƙarfin injunan da yake da su bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya sayar ba, kuma lambobin ribar da mutane ke gani a shafinsa ƙirƙira ce. Mutum biyun da suka kafa shi sun amsa laifi a Fabrairun 2025. Kafin su, a Disamban 2019, an gurfanar da jagororin BitClub Network kan irin wannan zamba ta dala miliyan 722. Waɗannan suna da ofis, suna da fuskoki sanannu. Ina ga manhajar da ba ka san ko sunan mai ita ba? A gida ma ba a daɗe da ganin CBEX ba, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ya rufta da jama'a a Afrilun 2025, har fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan. MMM ya yi irin haka a Disamban 2016.

Ba ina cewa haƙar kirifto ba sana'a ba ce. Sana'a ce, ga wanda yake da wuta mai araha da ta yi masa yawa. Bayan China ta haramta haƙa a 2021, injuna sun yi ƙaura zuwa Amurka da Kazakhstan, daga baya wasu suka sauka Habasha saboda wutar madatsun ruwanta, kamfanin lantarkin ƙasar yana sayar musu da wuta yana karɓar kuɗin waje. A gandun dajin Virunga na Kwango ana haƙa da rarar wutar ruwa don ɗaukar nauyin kula da dajin. Najeriya ma tana da iskar gas da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, wadda za a iya juya ta ta wannan hanya. Amma wannan magana ce ta masu babban jari da lasisi. Ƙasar da asibiti ke kwana a duhu ba ta da rarar wutar da za ta ba injin haƙa daga layin jama'a, kuma duk dokar da za a yi ya kamata ta fara daga nan.

Dokar ta ɗan motsa. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disamban 2023. A Maris na 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari na karɓa nan a biya can. Abin da ya rage shi ne aiki da ita tun kafin a kwashe kuɗin. A ganina, duk wanda zai sayar wa ɗan Najeriya hayar injin haƙa, a tilasta masa nuna inda injunan suke, da takardar biyan kuɗin wutarsu, da adireshin asusun da Bitcoin ɗin ke shiga, tunda wannan a fili yake kowa na iya dubawa. Bankuna da kamfanonin tura kuɗi ta waya su ma a tuhume su idan asusu ɗaya na wani mutum yana karɓar dubban ƙananan kuɗaɗe ba su ɗaga kai ba. Masu tallata abin a TikTok a haɗa da su. Kuma gargaɗin SEC ya riƙa fitowa da Hausa a gidajen rediyo, ba a shafin intanet da Turanci kawai ba.

Za su nuna maka takardar CAC. Wannan rajistar sunan kamfani ce kurum, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Za su nuna ta SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, mai tambarin EFCC, ita ma ba lasisin zuba jari ba ce. Izinin yana hannun SEC, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta.

Ɗan uwa, in ka riga ka shiga, kada ka ƙara ko kwabo, kuma don Allah ka daina gayyato mutane. Kason da ake ba ka daga aljihun ƙanwarka ko maƙwabcinka yake fitowa, haƙƙinsu ne a wuyanka. Ka adana rasit da hotunan hirarraki da lambobin asusun da ka tura wa kuɗi, ka sanar da bankinka da gaggawa, ka kai ƙorafi EFCC da SEC. Bayan rufewar shafin za a samu masu kiranka suna cewa za su ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu, ko su nemi kalmomin sirrin walat ɗinka, wato asusun kiriftonka, ko lambar BVN. Kada ka ba su, sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da wani suna.